Daga Kalma Zuwa Lamba: Tarihin Ƙididdigar Amsoshin Majinyata a Binciken Likitanci

1.0 Gabatarwa

Akwai abubuwan da likita kan auna a jikin majinyaci ba tare da ya tambaye shi komai ba, kamar zafin jiki da hawan jini da yawan sukarin da ke cikin jini. Akwai kuma waɗanda babu wata na'ura da za ta gano su sai mai jikin ya faɗa da bakinsa, irin su raɗaɗi da kasala da rashin barci da damuwa, domin kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don a shigar da wannan kashi na biyu cikin bincike ne aka ƙirƙiro takardun tambayoyi waɗanda majinyaci ke amsawa, a ba kowace amsa lamba, a tara lambobin su zama maki, sannan a yi ƙididdiga a kan makin.

Hukunci mai nauyi kan rataya a kan wannan maki. A shekarar 1996 Ian Tannock da abokan aikinsa a Kanada suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan maza 161 masu sankarar furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, wadda ta riga ta bazu a jikinsu. Waɗanda aka haɗa wa maganin mitoxantrone da prednisone, kashi 29 cikin ɗari sun sami sauƙin raɗaɗi, waɗanda kuwa aka ba prednisone kaɗai kashi 12 ne suka samu. Maganin bai ƙara wa majinyatan tsawon kwana ba, amma duk da haka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a wannan shekara. Hujjar kuwa ita ce kalmomin da majinyatan suka zaɓa a kan wani ma'aunin raɗaɗi mai matakai shida, tare da yawan maganin kashe ciwon da suke sha.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin ƙididdigar da ake nazarin irin waɗannan amsoshi da su, tun daga farkon ƙarni na ashirin. Abin da ya sa batun ya shafi manazarta harshe shi ne, kowace lamba a nan daga kalma aka samo ta, kuma da yawa daga cikin hanyoyin an fito da su ne bayan an lura cewa kalmar ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba.

2.0 Daga Aji da Barikin Soja

Masana halayyar ɗan'adam ne suka fara waɗannan hanyoyi, a wajen auna basirar 'yan makaranta. A 1904 Charles Spearman, Baturen Ingila, ya lura cewa yaron da ya yi ƙoƙari a darasi ɗaya galibi yakan yi ƙoƙari a sauran, sai ya kawo ra'ayin cewa akwai wani abu guda ɓoyayye a bayan makin duka, ya kuma fito da lissafin gano shi daga dangantakar da ke tsakanin makin. Wannan shi ne tushen nazarin ginshiƙai, wato hanyar gano ko tarin tambayoyi abu ɗaya suke aunawa ko abubuwa daban-daban. A 1910 shi da William Brown, kowa ta fuskarsa, suka nuna cewa ƙara yawan tambayoyi yana ƙara tabbatuwar maki.

Takardar da ake ɗauka a matsayin ta farko a wannan fage daga yaƙi ta fito. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji da yawa sun sami taɓuwar hankali saboda firgicin fagen fama, sai aka nemi hanyar tace kuratan sojan Amurka tun kafin a tura su. Robert Woodworth na Jami'ar Columbia ya tsara tambayoyi 116 waɗanda ake amsawa da i ko a'a, ƙididdigar kuwa ba ta wuce a ƙirga amsoshin da ke nuna matsala ba. Yaƙin ya ƙare a 1918 kafin a ci moriyar takardar sosai, amma salon ya zauna. A 1949 Jami'ar Cornell ta fitar da irinta mai tambayoyi 195 domin majinyatan asibiti su cika kafin su ga likita.

I ko a'a ba ta nuna yawa ko ƙaranci. Louis Thurstone na Jami'ar Chicago ya nemi magance wannan a 1928, ta hanyar tara jimloli masu yawa a kan batu guda, a ba mutane da dama su rarraba su kashi 11 gwargwadon ƙarfin kowace, sannan a ba kowace jimla lamba daga inda akasarin mutanen suka ajiye ta. Aiki ne mai cin lokaci, amma yana da fa'idar cewa masu harshen ne ke yanke nauyin kalma. A 1932 Rensis Likert ya kawo hanya mai sauƙi: a ba mai amsa matakai biyar, daga amincewa ƙwarai zuwa ƙin amincewa ƙwarai, a sa musu lamba 1 zuwa 5, a tara. Ya nuna cewa wannan lissafi na kai-tsaye yana ba da sakamako kusan ɗaya da na hanyar da ta fi shi wahala. Sauƙin ya yi rinjaye, har ya zama akasarin takardun lafiya a kan tsarin Likert aka gina su.

Sai dai a cikin wannan sauƙi akwai wani zato da ba a faɗa ba, wato cewa tazarar da ke tsakanin mataki na 1 da na 2 daidai take da wadda ke tsakanin na 4 da na 5. S. S. Stevens na Jami'ar Harvard ya fito da matsalar fili a 1946, inda ya raba ma'aunai gida huɗu: na suna, na jeri, na tazara, da na ninki. Amsoshin takardun tambayoyi na jeri ne, suna nuna wanda ya fi wani amma ba su nuna da nawa ya fi shi ba, don haka a ƙa'ida bai kamata a fitar musu da matsakaici ba. Frederic Lord ya mayar da martani a 1953 cikin wata gajeriyar maƙala ta barkwanci a kan lambobin rigunan 'yan ƙwallo, inda ya nuna cewa lambobi ba su san daga inda suka fito ba, lissafi zai yi aiki a kansu ko ta yaya. Gaskiyar Lord ta tsaya ne a kan lissafin. Majinyacin da ciwonsa ya sauka daga "mai tsanani ƙwarai" zuwa "mai tsanani", da wanda nasa ya sauka daga "kaɗan" zuwa "babu", mataki ɗaya kowannensu ya motsa a takarda, amma na farko har yanzu bai sami barci ba. A 1980 Peter McCullagh ya fito da hanyar ƙididdiga da ke aiki da jerin matakai ba tare da ɗaukar tazararsu daidai ba, sai dai tara lambobi da fitar da matsakaici bai gushe ba a rahotannin bincike.

3.0 Alfa

Babu lambar da ta yi suna a wannan fage kamar alfa, wadda Lee Cronbach ya gabatar a mujallar Psychometrika a 1951, yana faɗaɗa lissafin da Kuder da Richardson suka yi a 1937 domin tambayoyin i ko a'a. Alfa tana auna jituwar tambayoyi ne, wato yadda amsoshinsu ke tafiya tare, kuma iyakarta 1. Daga littafin Jum Nunnally na 1978 aka ɗauko al'adar cewa 0.70 ta wadatar, har ta zama kamar makin cin jarrabawa.

Abin da sau da yawa ake mantawa shi ne abin da Spearman da Brown suka nuna tun 1910. Idan matsakaiciyar dangantaka tsakanin tambayoyi 0.2 ce, wadda rarrauna ce, tambayoyi 5 za su ba da alfa 0.56, tambayoyi 10 su ba da 0.71, tambayoyi 30 su ba da 0.88. Ingancin tambayoyin bai canja ba, yawansu ne ya ƙaru. Haka kuma wanda ya maimaita tambaya ɗaya sau goma cikin kalmomi mabambanta zai sami alfa mai girma, alhali abu ƙanƙani ya auna. Alfa ba ta tabbatar da cewa tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, balle ta tabbatar da cewa abin da ake nufi shi aka auna. Wannan tambaya ta biyu ita ce ta inganci, wadda Cronbach ɗin da Paul Meehl suka yi wa maƙala ta daban a 1955. Cronbach ya rasu a 2001, kuma a cikin rubutunsa da aka buga a 2004 ya bayyana cewa ya daina ganin alfa a matsayin hanya mafi dacewa ta auna tabbatuwar maki.

4.0 Shigowar Muryar Majinyaci

Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 1948 ya bayyana lafiya da cewa ta ƙunshi jin daɗin jiki da na hankali da na zamantakewa, ba rashin cuta kawai ba. Duk da haka ma'aunin da David Karnofsky ya fitar a daidai wannan lokaci domin masu sankara, mai maki daga 0 zuwa 100, likita ne ke cika shi. An ɗauki shekaru kafin a miƙa wa majinyacin alƙalamin.

Aikin da ya fi kusa da nazarin harshe shi ne na Ronald Melzack na Jami'ar McGill da ke Kanada. A 1971 shi da Warren Torgerson suka tattara kalmomi 102 da ake siffanta raɗaɗi da su a Ingilishi, suka rarraba su rukuni-rukuni, suka kuma sa likitoci da majinyata da ɗalibai su jera kalmomin kowane rukuni gwargwadon tsananinsu. Daga nan aka sami takardar McGill ta 1975 mai kalmomi 78 cikin rukuni 20, wadda daga cikinta aka ɗauko ma'aunin da Tannock ya yi amfani da shi. Wannan aiki na ilimin ma'ana ne tsantsa, ko da yake masu yin sa ba su kira shi haka ba. Da aka zo mayar da takardar cikin harshen Finlan a 1981, sai masu aikin suka koma tattara kalmomin raɗaɗi na harshensu daga tushe.

Daga nan takardu suka yawaita. David Goldberg ya fitar da GHQ a Ingila a 1972 domin gano matsalolin hankali. Ƙungiyar EuroQol ta fitar da EQ-5D a farkon shekarun 1990, mai fannoni biyar, kowane da matakai uku, wato yanayin lafiya 243 ke nan. A 1992 John Ware da Cathy Sherbourne suka buga SF-36 mai tambayoyi 36 da ma'aunai takwas. A cikin ƙa'idojin ba da makin SF-36 akwai wani abu da ke gaskata Stevens: tambayar da ke neman mutum ya kimanta lafiyarsa gaba ɗaya tana da amsoshi biyar, amma ba a ba su 5, 4, 3, 2, 1 ba, sai 5.0, 4.4, 3.4, 2.0, 1.0. Tazarar da ke tsakanin amsa ta farko da ta biyu 0.6 ce, ta tsakanin ta uku da ta huɗu kuwa 1.4.

Shigar waɗannan takardu cikin gwajin magunguna ya zo da matsaloli biyu. Ta farko ita ce ta guraben amsa. Majinyacin da jikinsa ya yi tsanani shi ne ba ya cika takarda, wanda ya rasu kuwa ba a magana. Idan aka fitar da matsakaici daga waɗanda suka rage, sai a ga kamar lafiyar rukunin tana ƙaruwa alhali masu rauni ne suka zube. Donald Rubin ya bambance a 1976 tsakanin gurbin da ya faru bisa katari da wanda ke da nasaba da abin da ake aunawa, a 1987 kuma ya tsara hanyar cike gurbi sau da yawa da ƙiyasi mabambanta, domin rashin tabbas ya bayyana a sakamako. Matsala ta biyu ita ce ta ma'ana: idan majinyata sun yi yawa, bambancin maki komai ƙanƙantarsa zai tsallake gwajin ƙididdiga ko da babu wanda ya ji shi a jikinsa. Jaeschke da Singer da Guyatt na Jami'ar McMaster suka kawo a 1989 ra'ayin mafi ƙarancin canjin da majinyaci zai ɗauka da muhimmanci, suka ƙiyasta shi da rabin mataki a ma'auni mai matakai bakwai. Yadda suka gano shi kuwa, komawa suka yi suka tambayi majinyatan.

A gefe guda, Georg Rasch, masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, ya riga ya buga a 1960 wata hanya da ya gina daga jarrabawar karatun yara. A wurinsa kowace tambaya tana da nata nauyi, kowane mai amsa yana da nasa matsayi, yiwuwar amsa kuma ta dogara ne a kan tazarar da ke tsakanin biyun. Wanka da kai da gudun mil guda ba za su zama maki ɗaya ba. A kan dangin wannan hanya aka gina shirin PROMIS da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka fara a 2004, inda kwamfuta ke zaɓo tambaya ta gaba bisa amsar da ta gabata.

5.0 Fassara

Akasarin waɗannan takardu da Ingilishi aka rubuta su, cike da rayuwar masu harshen. SF-36 tana tambaya a kan tura na'urar zuƙe ƙura da wasan golf, tana kuma auna nisan tafiya da yawan layukan gidajen birnin Amurka, abin da ya sa ko a Ingila sai da aka mayar da shi yadi da mil. Takardar HADS ta Zigmond da Snaith, ta 1983, tana tambayar majinyaci ko yakan ji tsoro kamar malam-buɗe-littafi na yawo a cikinsa.

Hanyar da aka fi bi ita ce fassarar komawa, wadda Richard Brislin ya yi wa bayani a 1970: mutum ɗaya ya fassara, wani daban ya mayar da fassarar cikin harshen asali, a gwama. Rauninta a bayyane yake ga duk mai koyar da fassara. Wanda ya ajiye malam-buɗe-littafi a cikin Bahaushe, fassararsa za ta koma Ingilishi ba tare da tangarɗa ba, wanda kuwa ya ce "faɗuwar gaba", wadda ita ce ta fi kusa da nufin, tasa ce za ta zo da bambanci. Don haka ƙa'idojin Guillemin da Bombardier da Beaton na 1993 suka ƙara kwamitin masana da gwaji a kan majinyata. Shirin WHOQOL na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara a 1991 a cibiyoyi 15 har da Harare, ya ɗauki wata hanya: an tattara batutuwan daga kowace cibiya, kuma kalmomin matakan amsa an sa masu kowane harshe sun ajiye su a kan layi mai tsawon milimita 100, aka zaɓi waɗanda suka faɗa kusa da rubu'i da rabi da rubu'i uku. Komawa ce ga Thurstone bayan shekara sittin.

Ƙididdiga ma ta samar da nata gwajin. Holland da Thayer suka ɗauko a 1988 wata hanya ta Mantel da Haenszel ta 1959, suka yi amfani da ita wajen gano tambayar da ke aiki daban a rukunai biyu. Ana ɗaukar mutanen da jimillar makinsu ɗaya daga kowane rukuni, a duba ko suna amsa wata tambaya iri ɗaya. Sanannen misali shi ne tambayar kuka a takardun auna baƙin ciki, wadda mata suka fi maza amsa ta da i ko da damuwarsu ɗaya ce. Wannan gwaji yana nuna tambayar da ta karkace, amma ba ya faɗin dalili, sai an koma ga kalmar.

6.0 Nijeriya da Harshen Hausa

Nijeriya ta shiga wannan tarihi da wuri. A 1963 aka buga sakamakon binciken Cornell da Aro, wanda Alexander Leighton da T. Adeoye Lambo da wasu suka gudanar a yankin Abeokuta da tambayoyin da aka daidaita daga wani bincike na Kanada. A 1982 Peter Ebigbo ya gina ma'auni a Inugu daga koke-koken majinyatan ƙasar nan da kansu, irin su jin zafi a cikin kai da jin abu yana yawo a jiki, waɗanda takardun Turai ba su tanada ba. Gureje da Obikoya sun gwada GHQ mai tambayoyi 12 a Ibadan a 1990. Ta fuskar Hausa, masana gashin ƙashi ne suka fi ƙoƙari: Odole da Akinpelu na Jami'ar Ibadan sun buga a 2008 fassarar Hausa ta ma'aunin amosanin gwiwa da ƙugu da aka gina a can, a 2020 kuma Ibrahim da abokan aikinsa suka buga fassarar SF-12 da suka gwada a kan masu ciwon baya na birni da na karkara.

Hausa tana da nata wuraren tuntuɓe. Kalmar "ciwo" tana ɗaukar cuta da raɗaɗi duka, "zafi" tana ɗaukar ɗumi da raɗaɗi, alhali a ƙarƙashinsu akwai zogi da suka da sara da murɗa da ƙuna, kowace da gaɓar da ta fi zama a kai: kai ke sara, ciki ke murɗa. Faɗin ma'anar "lafiya" kuwa, wanda Lewis Wall ya tattauna a littafinsa na 1988 a kan magungunan Hausawa, ya haɗa har da zaman lumana da daidaituwar al'amura. Mafi wahala shi ne ladabin jinya. Bahaushen da aka ce wa "Yaya jiki?" amsarsa "Da sauƙi" ce ko da yana kan gargara, domin tambayar gaisuwa ce, ƙorafi kuma yana kama da rashin tawakkali. Tun da majinyata da yawa ba su karanta boko, karanta musu takardar ake yi, sai tambayar bincike ta fito daga bakin mutum da siffar gaisuwa, musamman idan mai tambayar yaro ne, mai amsar dattijo. Idan kowa ya karkata zuwa "da sauƙi" a dukkan tambayoyi, amsoshin za su jitu, alfa ta hau, kuskuren kuma ba zai bayyana a cikinta ba.

Matakan amsa su ne suka fi buƙatar kulawa. Tsakanin "kullum" da "ko kaɗan" mai fassara yana da "galibi" da "sau da yawa" da "wani lokaci" da "lokaci-lokaci" da "jefi-jefi" da "nadiran". Ba kowane mai jin Hausa zai yarda cewa "galibi" ta fi "sau da yawa" ba, "nadiran" kuwa kalmar malamai ce da ba lalle tsohuwa a ƙauye ta san ta ba. Idan matakai biyu suka yi musayar wuri a kunnen masu amsa, ma'aunin ya faɗi ko a matsayin na jeri, balle na tazara, kuma nazarin Rasch yakan nuna haka ta hanyar rikicewar iyakokin matakan. Gwajin layin milimita 100 shi ne ke warware wannan tun kafin a kai takarda asibiti, da sharaɗin a yi shi a fiye da wuri ɗaya, domin inda Bakano ya ajiye "jefi-jefi" ba lalle nan Basakkwace ko mutumin Damagaram zai ajiye ta ba, haka nan ɗimbin majinyatan Jos da Yola da Maiduguri waɗanda Hausa harshe na biyu ne a wurinsu.